Idan yaro ya daina numfashi, muryar wa za a ji a ɗakin?

Sistar Yara:

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ni nas ce a ɗakin yara na wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa. Babbar sistarmu ta ɗora mini aikin shirya atisayen farfaɗo da yara kafin damina ta yi nisa, don kun san daga Agusta zuwa Oktoba gado ɗaya yara biyu ne, jijjiga da ƙarancin jini ta ko'ina.

Ba rashin iya aiki ne ke damun mu ba. Kowa ya iya riƙe ambu (jakar da ake matsawa a hura wa yaro iska), kowa ya iya danna ƙirji. Amma da zarar an shigo da yaro ranga-ranga, sai ɗakin ya koma kasuwa. Mutum biyu su ruga ɗauko oksijin, babu mai neman jijiya, a ce "a kawo adirenalin" (allurar tayar da zuciya) kowa ya ɗauka da wani ake. In an gama ka tambayi ƙarfe nawa aka fara, sai kallon-kallo.

Da dare kuma mu uku ne: ni, da wani dattijon ma'aikacin lafiya wanda a haife ya haife ni, da mai taimaka mana. Likita sai an kira shi a waya ya taho daga kwatas. A tsari ni ce shugaba, amma da wane baki zan ce wa Baba "yi kaza"? Kuma ba mu da 'yar tsanar nan mai tsada da ake koyon farfaɗowa a kanta. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni haske.

Likitan Yara, Kano:

Wa alaikumus salam Sista, sannu da ƙoƙari. Kada 'yar tsana ta hana ki barci. Ta kasuwa ma ta isa, ko filo a naɗe da zane, tunda abin da za ku koya magana ce da rabon aiki.

Abu biyu nake fara dasa wa mutane. Shugaba ba ya cewa "a kawo", suna yake kira: "Malam wane, ɗauko oksijin." Wanda aka kira kuma sai ya maimaita abin da ya ji da ƙarfi, in ya gama ya ce ya gama. Misali yaro mai kilo 10 zuciyarsa ta tsaya. Ki ce, "Anti, adirenalin wanda aka sirka, mil 1." Ta ce, "Wanda aka sirka, mil 1." Ta tura, ta ce, "Na bayar." A nan ake kama kuskuren da ke kisa, domin kwalbar da ke kabad ɗinku mai ƙarfi ce, 1:1,000. Sai an haɗa mil 1 nata (wato mililita 1) da mil 9 na ruwan gishiri na asibiti ta koma 1:10,000, sannan a ba da mil 0.1 ga kowane kilo, a maimaita duk minti 3 zuwa 5. Cikin ruɗani da hasken fitilar waya, bakin da ya maimaita shi ne kariyarku.

Ki gina labarin atisayen a kan abin da kuke gani kullum: ɗan shekara 2 da zazzaɓin cizon sauro yana jijjiga, ko jariri mai limoniya da numfashinsa ke ja baya. Yara galibi numfashi ne ke fara yankewa kafin zuciya, saboda haka shugaban da ya kama wannan da wuri sau da yawa ba ya kaiwa ga danna ƙirji. In an kai, mutum biyu danna 15 hura 2, danna 100 zuwa 120 a minti, a canja mai dannawa duk minti 2. Littafin ETAT (na tantance yara masu matsanancin ciwo da ba su taimakon gaggawa) na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya samo asali daga aikin asibitin Blantyre a Malawi, don irin asibitinku aka yi shi.

Batun Baba kuwa, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A 1977 jirage biyu suka yi karo a filin jirgin Tenerife, wani tsibiri na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya jirgin ya tambaya ko hanya ta buɗe, babban matuƙi ya amsa da gadara ya ci gaba, shi kuma bai sake magana ba. Daga irin wannan ne masu jirage suka fara koyar da yadda na ƙasa zai tsayar da na sama, likitoci suka aro daga baya. A ƙa'ida shugaba yana tsayawa a ƙafar gado, hannunsa ba ya taɓa yaron, idonsa na kan kowa.

Tsohon Ma'aikaci:

Dakta, Allah ya ƙara basira, amma maganar tsayawa a ƙafar gado ta ku ce ta asibitin Malam Aminu Kano, inda mutum shida ke kan yaro ɗaya. Mutum uku, ɗaya ya harɗe hannu, wa zai nemi jijiya? Mu abin da muka yi, shugaba shi ke riƙe ambu a wajen kai. Daga nan yana ganin ƙirji yana tashi, yana ganin hannun kowa, bakinsa kuma a sake yake.

'Yata, ni sa'an Baban naki ne, bari in gaya miki yadda muke ji. Umarni ba ya yi mana ciwo. Abin da ke ciwo shi ne a yi maka shi ba zato a gaban iyayen yara, kamar an gano ba ka iya ba. Ki same shi ku biyu kafin atisayen, ki ce ranar farko shi zai shugabanta. Rana ta biyu ki roƙe shi ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa yau ke ce mai magana. In ya faɗa, magana ta ƙare. Kuma ba wanda ya hana ki cewa "Baba, don Allah danna ƙirji." Daƙiƙa ɗaya ce, ba ta rage komai.

Abin da littafi ba ya faɗa: kakar yaro da gwaggonni. Su ma aiki ne. Ki sa wani ya zama kaka a atisayen, yana salati yana jan zanen yaron, ki ga yadda shugaba zai rikice. Mu mukan ba uwa fitila ta riƙe, sauran mai taimako ya fita da su da lalama. Sunayen masu riƙe ambu, danna ƙirji da yin allura kuma a rubuta a allo tun lokacin karɓar aiki.

Ungozoma:

Yaya, ni ta ɓangaren haihuwa zan yi magana. Shirin Helping Babies Breathe (taimaka wa jarirai yin numfashi) da aka fara a 2010 duk a kan minti ɗaya aka gina shi: jaririn da bai yi numfashi ba, a fara hura masa kafin minti ya cika. A asibitoci 8 na Tanzaniya mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan horon. Sai dai hannu yana mantuwa. Bitar kwana uku a otal a Dutse, a raba alawus a watse, bayan 'yan watanni ka ga mutum yana juya abin rufe hanci bai san sama da ƙasa ba. Gara minti goma duk mako, a kan gadon da kuke aiki, da kayan da ke cikin tirenku. A haka za ki gano ambun da ya tsage da sirinjin da babu.

Ki sanar da iyayen da ke kwance cewa gwaji ne, ki ɗaga 'yar tsanar su gani. In ba haka ba kafin la'asar labari ya kai gari cewa yaro ya rasu. Sannan ki faɗa tun farko babu alawus, kada a zo ana tsammani.

Sistar Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Tsohon Ma'aikaci, shawararka zan fara bi. Dakta, bayan an gama me zan ce musu? Ina tsoron ya zama zaman tonon silili.

Likitan Yara, Kano:

Tsohon Ma'aikaci ya fi ni gaskiya a kan mutum uku, na karɓa. Sista, ki bar shugaban ranar ya fara faɗin yadda ya ji, sannan ki tambayi kowa me ya tafi daidai, me za a sauya. In an yi kuskure ki ce, "Na ga an yi jinkirin sukari, me ya tsare mu?" Amsar takan zama ba a san inda makullin kabad yake ba. Ki kuma manna jadawalin awo a bango bisa kilo: ruwan sukari mai kashi 10, mil 5 ga kowane kilo, in mai kashi 50 kuke da shi a sirka ɗaya da ruwa huɗu. Lissafin nan na ƙiyasta kilo, wato shekarun yaro a ƙara 4 a ninka biyu, yakan zarce nauyin yaro mai tamowa, don haka sikeli ya zauna kusa da gadon. Atisaye na uku ki yi shi a kan mai tamowa da gudawa, ki ga ko wani zai tsayar da shugaba idan ya ce a sakar wa ƙarin ruwa gudu, abin da ke da hatsari ga mai tamowa.