Yadda muke gane nau'in launi da zanen mesar kiwo

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Mesata mai dunƙulewa (irin mesar da ke naɗe kanta kamar ƙwallo), wadda aka sayar mini a matsayin fastel (nau'in launi mai rawaya mai haske) tun tana ƙarama, ta dushe da ta girma, rawayarta ta koma ruwan ƙasa, har na fara zargin ko mai launin asali ce kawai. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ganin haka ya faɗa mana abin da yake dubawa.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Dushewa da girma abu ne sananne a fastel, kuma tawa ma haka ta yi. Abin da na dogara da shi shi ne kai da idanu, domin kan fastel yana da haske kamar an wanke shi, idanunta kuma sun fi na ta asali haske, sau da yawa da ɗan kore. Kada ka yanke hukunci idan ta kusa saɓa, lokacin da jiki ke yin toka-toka. Ka bari ta saɓe, sannan ka dube ta a hasken rana, domin fitila tana yaudarar ido.

Amsa ta biyu: Ni ciki nake fara juyawa. Nau'in da ake kira mai rawayan ciki, alal misali, daga sama kusan ba ta da bambanci da ta asali, sai a gefen cikinta ake ganin ɗige-ɗige da wani haske da ke haurawa kuiɓi. Ban samu natsuwa da nawa ba sai da na haɗa biyu, aka ƙyanƙyashe fara mai launin hauren giwa a cikin 'ya'yan. Haka mesa biyu na nau'in launin da ake kira mohabi suke iya ba da fara mai shuɗin ido.

Amsa ta uku: A nan ne ido yake gazawa. Zabiya da mai dabbaren fari ba sa bayyana sai ƙwayar gadon ta zo daga uwa da uba duka, saboda haka mesa tana iya ɗauke da ita a ɓoye alhali kamanninta na asali ne. Idan aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowace 'ya mai kamannin asali tana da yiwuwar kashi 66 cikin 100 na ɗaukarta. Wajen gane mai ɗauke da ƙwayar dabbaren fari, wasu suna kafa hujja da layuka biyu a ƙarƙashin ciki kusa da wutsiya, amma na ga masu layukan da ba su ɗauke da komai. Yanzu tarihin iyaye nake nema, ko na aika saɓar a gwada ƙwayoyin gadonta.

Amsa ta huɗu: Baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a jikin mesar da ake kira nau'in ayaba yayin girma ba ƙwari ba ne, tunda ba sa motsi kuma ba sa gogewa. Mesar da ake kira nau'in gizo-gizo kuwa, mai siririn zane, yana tafe da rawar kai ta gado, wadda a tawa ta fi fitowa lokacin cin abinci, kuma dalilin da ya sa ban ƙara haɗa ta da namiji ba ke nan.