Hutun Disamba a Ingila: me zan yi da yara ban da kanti da waya?

Maman Hanif, Manchester

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi. Muna zaune a Manchester, ni da maigida da yara uku, babban shekararsa 11. An kusa ba su hutun Kirsimeti na mako biyu, kuma tun yanzu abin yana damuna.

Wanda bai zauna a nan ba, ba zai gane ba. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu kuma magariba ta yi. Kina idar da azahar, kafin ki sauke tukunya la'asar ta shigo. Waje ga sanyi ga yayyafi. Sai yara su lafe a kujera, wannan da waya, wancan da talabijin, ni ina kicin, maigida yana barci saboda aikin dare yake yi. Gida ɗaya muke kwana, amma sai a wuni ba wanda ya zauna da wani aka yi hira ta kirki. Wallahi wannan yana ci mini rai, don kwana nawa ne za su girma su kama gabansu?

Na biyu shi ne sayayya. Mu ba ma bikin Kirsimeti, amma guguwar ba ta barin kowa. Duk inda ka juya talla ne, ranar 26 ga wata kuma a ce an karya farashi, kowa ya nufi babbar cibiyar kantuna ta Trafford Centre. Yara su dawo daga makaranta da jerin abin da za a saya wa abokansu. Farkon Janairu idan na leƙa layinmu, kwandunan shara sun cika sun batse da kwali da leda da abincin da ba a taɓa ba, ga itatuwan Kirsimeti a yashe bakin titi. Ni da na tashi a Katsina a gidan da ko gwangwanin madara ba a yarwa, sai an mai da shi ma'auni, ba na son 'ya'yana su taso suna ganin wannan ba komai ba ne.

To don Allah me kuke yi da naku a wannan lokaci? Ina son abin da zai haɗa mu, ya fitar da su su ga halittar Allah, kuma ba na kashe kuɗi ba.

Anti Larai, Leicester

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na goyi huɗu a ƙasar nan, yanzu jikoki nake goyo, don haka ki saurara.

Kada ki jira gari ya yi kyau, don ba zai yi ba sai Afrilu. Ki fitar da su da hantsi, tsakanin goma da sha biyu, lokacin da ɗan hasken yake nan. Abin da ake buƙata kawai rigar ciki mai ɗumi, hula, safar hannu da takalmin roba. Yaron da ƙafarsa ta jiƙe shi ne zai ce ya tsani fita. Ke da kike da Heaton Park a kusa, jirgin cikin gari zai sauke ki a bakin ƙofa, shiga kyauta ne, akwai tabki da dabbobi da kurmi. Ki dama kunun gyaɗa ki zuba a fulas, ki ɗauki kofunan gida. Waya ɗaya tak za a fita da ita, taki, ita ma tana cikin jaka. Da farko za su yi ta ƙunƙuni. Ki yi kunnen uwar shegu da su. Da sun ga kududdufi ko wani reshe da za a hau, an wuce wurin. Kuma a kan hanyar dawowa ne yaro yake buɗe baki ya gaya miki abin da ke damunsa a makaranta, abin da ba zai taɓa faɗa ba idan kin zaunar da shi kin tsare shi da tambaya.

Ki rataya abin zuba wa tsuntsaye tsaba a bayan gida, inda za a hango ta taga. Akwai ɗan ƙaramin nan mai jan ƙirji da suke ce wa robin, ba ya tsoron mutane, ƙananan yara suna sonsa sosai. Kada dai a ba su abu mai gishiri. Ƙarshen Janairu ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB tana shirya ƙidayar tsuntsayen gida, tun 1979 ake yi, awa ɗaya kawai za ku zauna ku ƙirga abin da ya sauka. Sai hutun ya zama lokacin koyon sunayensu.

Batun kyauta kuwa, ni ban taɓa shiga kanti saboda maƙwabta ba. Dubulan da cincin nake yi, in zuba a kwalaben da na tara na wanke, jikoki su kai gida gida. Akwai wata tsohuwa Baturiya a jikin gidanmu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ranar bikinsu nakan tura mata abinci da ɗumi, yara su zauna da ita ko na rabin awa ne. Ba sai kin yi bikin ba kafin ki sauke haƙƙin maƙwabtaka. Ki duba layinku, ba za ki rasa irinta ba.

Takardar naɗe kyauta mai ƙyalƙyali ba a iya sake sarrafa ta. Ki dunƙule ta a hannu, in ta tsaya a dunƙule ta shiga kwandon takarda, in ta warware sai shara. Sannan ki kula da bitamin D, ke da yaran. Hukumar lafiyarsu ta ce a riƙa sha lokacin sanyi, mu masu baƙar fata ma duk shekara.

Kawu na Nguru

'Yata, ban taɓa zuwa Turai ba, amma ina da abin da za ki gaya wa jikokina. Tsuntsaye da yawa da suka gudu daga sanyin Turai, wurinmu suke zuwa cin rani. Yanzu haka da hunturu ya kama, fadamun Haɗeja da Nguru cike suke da agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙafa da suka ƙetaro hamada. A Dagona har wuri aka keɓe musu. Idan zafi ya fara sai su juya su koma arewa. Ki nuna wa yaran taswira su ga tafiyar da ɗan tsuntsu yake yi, su san ƙasar da suke zaune da ƙasar iyayensu hanya ɗaya ta haɗa su.

Mu ma a nan abin yana lalacewa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suna kuka, itatuwa kuma ana ta sarewa saboda itacen girki da gawayi. Ki gaya musu wannan ma, kada su ɗauka shara da ɓarna matsalar Turawa ce kaɗai.

Da muna yara, daren hunturu shi ne daren tatsuniya, an kewaye wuta ana jin ɗumi. Ku da darenku yake farawa tun ƙarfe huɗu, ai kun fi mu lokacinta. In mahaifiyarki tana da rai, ki kira ta bayan isha'i, a kashe talabijin, ta yi musu Gizo da Ƙoƙi. Ita ma kewarsu take yi.

Ɗan Hamburg

Yaya, duk abin da manya suka faɗa gaskiya ne, amma a yi hattara da abu ɗaya. Yaro ɗan shekara 11 zai koma makaranta a Janairu, kowa yana ba da labarin abin da aka saya masa. In duk abin da ya ji a gida shi ne "ba za a saya ba, almubazzaranci ne", zai ɗauki abin a matsayin horo. Ki ba shi 'yan kuɗi kaɗan ya zaɓi abu ɗaya da kansa, ko da a shagon kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ne, akwai littattafai da kayan wasa masu kyau. Ki sa shi ya fitar da nasa da ya daina amfani da su ya kai can da hannunsa.

A nan Jamus robar lemo ko ta ruwa tana da kuɗin ajiya, yawanci santi 25, sai ka mayar a ba ka. Ko a kasuwar Kirsimeti kofin tangaran ake ba ka, ka mayar ka karɓi kuɗinka. 'Ya'yan yayana su ke tara robobin gidan, kuɗin nasu ne, kuma ba a taɓa tuna musu ba. Ki samo wa naki aiki irin wannan da zai zama nasu.

Maman Hanif, Manchester

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Anti, tun ina karanta maganarki na tuna da wani dattijo da ke gida na biyu daga namu, kullum shi kaɗai nake ganinsa da karensa, gaisuwa kawai muke yi. Shi za mu fara kai wa. Kawu, Hajiya tana nan lafiya, na kira ta ɗazu ta ce tana da tatsuniyoyin da za su kai mu har sabuwar shekara, sai dai ƙaramar ba ta jin Hausa sosai, Hanif zai riƙa fassara mata. Ƙanena, na karɓi gyaranka, zan ba shi ya zaɓa.

Anti, dubulan ɗin kwana nawa yake yi a kwalba bai yi laushi ba? Ina son in yi shi ranar Asabar ɗin farko ta hutu, maigida yana gida, kowa ya sa hannu.