Petah Tikva: ciniki ne ko korar manoma?

Auwalu: Jama'a, na ce kuma ina nan a kan bakana, garuruwan farko da Yahudawa suka kafa a Falasɗinu saye aka yi, ba a ƙwace wa kowa ba. Ku duba Petah Tikva. A 1878 wasu Yahudawa masu riƙon addini daga Kudus, irin su Yoel Moshe Salomon da Yehoshua Stampfer, suka sayi fili a yankin ƙauyen Mulabbis kusa da kogin Auja. Kuɗi suka biya. Wajen kuwa fadama ce cike da sauro, zazzaɓi ya kore su bayan 'yan shekaru, sai a 1883 suka dawo.

Hajiya Binta: Auwalu, a hannun wa suka saya? A nan maganar take.

Auwalu: A hannun attajiran birnin Yafa, Hajiya, masu takardar mallaka.

Malam Habibu: To takardar ce abin dubawa. A 1858 Turkawa, masu mulkin Falasɗinu a lokacin, suka yi dokar rajistar ƙasa. Manoma da yawa suka guje wa rajista don tsoron haraji da ɗaukar soja, wasu kuma bashi ya ci gonakinsu. Sai fili ya koma sunan ɗan birni da bai taɓa riƙe garma ba, manomi yana nan yana nomansa yana ba da kason amfani. A ganinsa mai karɓar kaso ne kawai ya canza. Baƙin da suka zo kuwa da kansu suke son yin noman, su ɗauki wanda suka ga dama a aiki. A gaban alƙali ciniki ya halatta, amma wanda kakansa ya share gonar an raba shi da ita. Shi ya sa a 1886 Larabawan wani ƙauye mai suna Yahudiyya suka far wa Petah Tikva. Rigimar iyaka ce da ta kiwo: al'adar wurin ta yarda a saki dabbobi a gona bayan girbi, baƙin kuwa ba su yarda da hakan ba, suka kama dabbobin. An raunata mutane, wata dattijuwa ta rasu bayan kwanaki.

Auwalu: Malam, ban musa rigimar ba. Amma wa ya busar da fadamar? Kuɗin Baron Rothschild, attajirin Bayahuden Faransa, da bishiyoyin turare. Gonakin lemo suka samar wa ɗaruruwan Larabawa aikin yi.

Hajiya Binta: Aikin ƙodago a ƙasar da ka san ta gidanku ce? Ko shi ma ai Yahudawan da suka zo bayan 1904 sun yi ta fafutukar a daina ɗaukar Larabawa, a ba Bayahude. Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firaministan Isra'ila na farko, a wannan garin ya yi lebura a 1906. Batun cewa ƙasar kango ce kuma, Ahad Ha'am, marubuci Bayahude, ya ziyarce ta a 1891 ya rubuta cewa da wuya ka sami filin noma mai kyau da ba a nome ba.

Malam Habibu: Sai dai a yi adalci, Hajiya. Mutanen 1878 ba su zo da soja ba, wasunsu ma mazauna Kudus ne, kuma zazzaɓi ya kashe musu mutane da gaske. Ban ɗora musu laifin abin da ya faru a yaƙin 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, ba.

Hajiya Binta: Ni ma ban ɗora musu ba, Malam. Amma Auwalu cewa ya yi ba a ƙwace wa kowa ba. Ƙauyen Fajja da ke maƙwabtaka an watse a 1948, yau unguwannin Petah Tikva ne a kansa. Yahudiyya ma haka, garin Yehud ne a wurin. Waɗannan nawa aka biya?

Auwalu: Wannan yaƙi ne, Hajiya, ni maganar 1878 nake yi. Malam, su attajiran Yafan da suka sayar fa, ba su da laifi?