Tsohon babur ko sabo a hanyar gonakin inabi ta Burgundi?

Baban Gareji: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga maganata, kuma na tsaya a kanta: wanda zai bi hanyar gonakin inabi ta Burgundi a Faransa don kallon tsofaffin babura, tsohon babur ya kamata ya hau, domin ya fi sabo dacewa da hanyar. A fara da tsohon gidan sarauta na Savigny-lès-Beaune, inda aka jera babura kusan 250 na tsakanin 1902 da 1960. Daga nan a yi arewa ta Nuits-Saint-Georges, Vougeot da Gevrey-Chambertin har Dijon, garin da kamfanin Terrot ya fara ƙera babura a 1902, kafin Peugeot ya haɗiye shi a ƙarshen shekarun 1950. Sai a ƙarasa filin tsere na Prenois, inda ake taron tsofaffin babura na Coupes Moto Légende wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Duka-duka kusan kilomita 60 ne, ƙauye na bin ƙauye. Cikin gari kilomita 50 a awa ake gudu, wasu lunguna 30, bayan gari galibi 80. Babur mai inji cc 350 ko 500 na shekarun 1950 yana cin wannan hanya a 70 hankali kwance.

Mai Kabireta: Wa alaikumus salam Baba. Ni ba nisa ke damuna ba, fetur ne. Man da ya fi yawa a gidajen mai na Faransa shi ne SP95-E10, wanda ke ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100. Etanol yana cin tsohuwar roba. Tiyon mai ya kumbura ko ya tsage, toshiyar famfon tanki ta fara ɗiga, in kuma tankin na faiba ne sai ya narka gam ɗin cikinsa ya kai shi kabireta. Yana kuma jawo ruwa, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya haifi tsatsa, tsatsar ta toshe jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a kabireta. Inda hakan ke bayyana shi ne kan hawa, daidai lokacin da aka buɗe totur, sai inji ya shaƙe.

Baban Gareji: Wannan ai da magani, ƙanena. A sha fetur ɗin SP98, etanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba. A sauya tiyo da irin na yanzu, a sa 'yar matata tsakanin tanki da kabireta, a wanke tanki tun a gida. Gubar dalma da aka daina sa wa fetur a Faransa tun 2000 ma ana sayar da maganin da ke maye gurbinta don mazaunin bawul. Aikin yini ɗaya ne.

Mai Wayarin: Ina bayan Baba, amma da sharaɗi, a san irin wutar da babur yake da ita. Mai maganeto, wato na'urar da ke haɗa wa filogi wuta da kanta, ba ruwansa da batir, ko batir ya mutu murus filogi zai ba da wuta. Tazarar kwantak ɗinsa milimita 0.3 ce, ta filogi kuma 0.5, kada a buɗa ta fiye da haka don maganeto ba ya son tazara mai faɗi. Ciwonsa ɗaya ne, tsohon kwandansa. Da sanyin safiya kik ɗaya ya tashi, amma da ya ɗau zafi wutar sai ta yi rauni. To tafiyar nan ta tsaye-tsaye ce, a tsaya Savigny, a tsaya a dubi katangar gonar inabi ta Clos de Vougeot, a tsaya cin abinci, kuma kowace tsayawa tayar da inji mai zafi ce. Gwajinsa: a yi tafiyar minti 40, a kashe, a jira minti 5, a buga. In ya ƙi, a kai maganeto gyara kafin ranar.

Mai koyil kuma da batir yake rayuwa. Dainamon kamfanin Lucas na Ingila mai volt 6 wat 60 kawai yake bayarwa, shi ma sai inji ya ɗaga. A cikin ƙauye ana rarrafe a 30 da fitila a kunne, batir zuba yake yi ba ya karɓa. A sa ƙwan fitila na LED, a sauko giya ɗaya don inji ya riƙa juyawa da ɗan ƙarfi.

Malamin Tuƙi: Ku gafarce ni, duk kuna maganar yadda babur zai tafi, ba wanda ya ce yadda zai tsaya. Baba, a nan na saɓa maka. Watan Mayu da Yuni lokacin feshi ne a gonakin inabi. Taraktocin nan masu dogayen ƙafafu suna fitowa daga tsakanin kunyoyi kai tsaye su hau kwalta, su bar laka da tsakuwa a bakin kwana. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasar gangaren ma titi take saukowa. Sannan a ƙauyukan Faransa, mahaɗar da ba alama, mai fitowa daga damanka shi ke da hanya ko da lungu ya fito. Ga kuma masu yawon ɗanɗana barasa a rumbuna. Iyakar barasa ga direba a dokar ƙasar giram 0.5 ce a litar jini, amma wanda bai kai nan ba ma hankalinsa na kan gonaki, ba kan madubi ba. A irin wannan hanya birki mai ABS, wanda ke hana taya kullewa ta zame, ya fi ƙaramin birkin cikin hob nesa ba kusa ba. Babban haɗarin ma a ƙafa yake. Baburan Ingila kafin wajen 1975 giyarsu a dama take, birkin baya a hagu. Wanda ya saba da sabon babur, in tarakta ta ɓullo, ƙafar dama zai taka, sai ya canza giya maimakon ya ja birki.

Baban Gareji: Malam, wannan laifin mahayi ne, ba na babur ba.

Malamin Tuƙi: To ai mutum ne zai hau, Baba. Ka ce duk mai zuwa, ba ka ce gwani ba.

Mai Faci: Malam ya yi gaskiya a kan laka, sai dai rabin abin da ake ɗora wa birki na taya ne. Tsohon babur yakan zo da taya mai zane cikakke amma robar ta bushe kamar ƙirgi. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000, a cire ta. Wadda ta haura shekara 10 ma kada a yi ciniki da ita. A sauya tib da ƙyallen da ke rufe kawunan sifok tare, don tsatsar wurin ke huda tib daga ciki. A ƙwanƙwasa kowane sifok da sifana, mai kwance ba ya ƙara.

Hajiya Mai Kayan Gyara: 'Ya'yana, abin da na lura ba wanda ya faɗa shi ne, ba tsufa ke kashe waɗannan babura a hanya ba, ajiya ce. Baburin Ingila mai tankin baƙin mai daban, in ya yi watanni a tsaye, man yakan sulale ya taru a gindin inji. Mai shi ya leƙa tanki ya ga wayam ya ƙara lita biyu, yana tayarwa man ƙasa ya dawo, tanki ya yi ambaliya har kan tayar baya. A tayar tukuna, a buɗe murfi a ga mai yana dawowa, bayan minti biyar a auna. In ya taru da yawa a zuƙe shi ta ƙasa. Sarƙa a bar mata lilo milimita 20 zuwa 25 a inda ta fi ɗaurewa. A jaka kuma: filogi biyu, wayar kuloci da ta totur, mahaɗin sarƙa, tib, fiyus. A tuna sifanun Ingila na da ba sa shiga notin Faransa, kowa ya zo da na baburinsa. Safar hannu mai tambarin ingancin Turai na CE dole ce a Faransa tun 2016, haka ma ajiye riga mai ƙyalli.

Baban Gareji: Hajiya ta taɓo inda nake. Na rage maganata: tsohon babur da ake hawa a kai a kai, a hannun wanda ya yi aƙalla kilomita ɗari biyu ko uku a kansa kafin ranar. Da wannan ban janye ba. A hanyar D122 tsakanin Vougeot da Marsannay da ke gab da Dijon, 60 ta isa, kuma a wannan gudun birkin hob da aka daidaita yana tsayawa.

Malamin Tuƙi: A D122 na yarda, Baba, wuri ne shimfiɗaɗɗe. Amma da yawa sukan ratse daga Gevrey-Chambertin su hau kwazazzabon Combe Lavaux don daɗin kwanoni, kuma abin da aka hau sai an sauko. A doguwar gangara hob yana zafi ya buɗe, hannun birki ya matso har ya kusa taɓa kan babur. Wanda ya nace sai ya bi can da tsoho, ya sauko a giya ta biyu, ya riƙa kama birki yana saki, kada ya riƙe shi. Baƙon da ya zo daga nesa kuwa, wanda haya zai ɗauka, har yanzu sabo nake ce masa ya karɓa, ya ajiye shi a Prenois ya shiga kallon Terrot da ƙafa.