Shagon bakin titi a Kano: wane haraji ne na ƙaramar hukuma, wane ne na jiha?

Na Layin Ƙasa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon waɗanda suka san doka su warware mana wannan lamari. A ɗauki mai shagon kayan masarufi a bakin titi cikin birnin Kano, ba cikin kasuwa ba. Haya yake yi, yana da allon suna a saman ƙofa da tebur biyu a waje. Kafin shekara ta zagayo an zo masa da kuɗin shago, kuɗin allo, kuɗin shara, harajin gini, rajistar wurin kasuwanci, ga kuma harajin riba. Kowa da kalar rasit ɗinsa. Wanne ne na ƙaramar hukuma, wanne ne na jiha, wanne ne ma bai hau kan ɗan haya ba? Sannan in ya biya duka, rasit ɗin zai hana a kwashe masa teburan ranar da aka fito gyaran titi?

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da kundin tsarin mulkin 1999, domin shi ne uwa. Jadawalinsa na huɗu ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma daga cikinsu kuɗinta ke fitowa: kula da shaguna da kes-kes, gidajen abinci da gidajen burodi da wuraren wanki da guga, allunan talla na waje, kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, kwashe shara da banɗakunan jama'a, lasisin keke da baro da amalanke, da kuma ƙiyasta gine-ginen mutane don ɗora musu haraji. Ka ga ke nan kuɗin shago, na allo, na shara da harajin gini, asalinsu duk na ƙaramar hukuma ne.

Rajistar wurin kasuwanci da harajin kuɗin shiga, wato wanda ka kira harajin riba, kuwa na jiha ne, a Kano hukumar tattara haraji ta jiha, KIRS, ke karɓa. Dokar 1998 da ta raba wa matakan gwamnati uku abin da kowa zai karɓa ta ƙayyade rajistar cikin birni kada ta wuce Naira 10,000, sabuntawa 5,000 a shekara, a ƙauye kuma 2,000 da 1,000. Waɗannan alƙaluman asali ne, sun tsufa. Abin da za a biya yau sai a duba jadawalin dokar harajin jiha, kada a je ana gardama da ma'aikaci da lissafin 1998.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kuɗin shago da rajistar wurin kasuwanci. Shago ɗaya ne, amma masu haƙƙi biyu, don haka rasit ɗin ɗaya ba ya sauke ɗayan. Abin da bai halatta ba shi ne a karɓi abu guda sau biyu da suna daban: yau kuɗin tsafta, gobe kuɗin shara, jibi kuɗin muhalli, alhali bola ɗaya ce. Haka kuɗin allo. A jihohi da yawa hukumar jiha ta shigo cikinsa ta hanyar doka ko yarjejeniya da ƙananan hukumomi. In haka ne, sau ɗaya za a biya, kuma wanda ya zo na biyu shi zai nuna a rubuce dalilin da ya sa rasit ɗin farko bai isa ba.

Wurin da shagon yake ma yana canza amsar. Dokar 1998 ta ce harajin kasuwa na ƙaramar hukuma ne, in ban da kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Shi ya sa mai rumfa a Kantin Kwari ko Sabon Gari, inda hukumomin gudanarwa na jiha ke riƙe da kasuwar, lissafinsa ya bambanta da na mai shago a layin unguwa, ko da dukansu a Fagge suke.

Kan harajin kuɗin shiga, sabbin dokokin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun yafe Naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara. A lura, riba ake nufi, ba ciniki ba. Wanda ba ya rubuta saye da sayarwa da kuɗin haya da na wuta da albashin yaran shago, ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Ma'aikaci zai leƙa ya ga katan-katan har rufi ya ƙiyasta, alhali rabin kayan bashin dila ne. Kuma wa'adin ƙalubalantar ƙiyasin kwana 30 ne, a rubuce. In ya wuce, kuɗin ya zauna.

Hajiya Uwar Marayu:

Allah ya saka, Malam, amma ka wuce harajin gini da sauri, kuma nan 'yan haya suka fi cutuwa. Haraji ne a kan ginin, mai ginin ya kamata ya ɗauka. Sai dai mai karɓa ba ya zuwa gidan mai gini, ƙofar da ya gani a buɗe yake tsayawa, kuma ƙofar da zai garƙame ke nan. Ɗan haya ya biya don kada ciniki ya tsaya, ƙarshen shekara mai gida ya ce bai san zancen ba.

Maganin a takardar haya yake. Layi biyu sun isa: harajin gini da kuɗin ƙasa na mai gida ne, in ɗan haya ya biya za a cire daga hayar shekara mai zuwa da zarar ya nuna rasit. Shaidu biyu su sa hannu, dillali ya riƙe kwafi. Kuma a tabbata sunan mai gini da lambar gini ke kan wannan rasit ɗin, ba sunan shago ba. Kuɗin shago da na allo ne ke ɗaukar sunan mai kasuwanci.

Lauyan Unguwa:

Gyara ɗaya ga Malam. Dokar 1998 ba ta da ƙarfin da take da shi a da, domin a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar ƙaramar hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. Don haka mai rubuta ƙorafi ya jingina da jadawali na huɗu da dokar Majalisar Jiha da dokar da majalisar kansiloli ta zartar. Kasancewar abu cikin jadawali bai isa a karɓi kuɗi ba, sai an sami doka rubutacciya da ta faɗi nawa ne kuma wa zai biya.

Yanzu tambayarka ta biyu, Alhaji, wadda ta fi tsada. A'a, rasit ba ya kare teburan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen cikin birni a hannun gwamna, ikon ƙaramar hukuma kan fili a karkara yake. Izinin gini da tsara birni a Kano aikin hukumar jiha ta KNUPDA ne, kiyaye titi kuma na hukumar KAROTA. Tikitin da ake yanka wa mai tebur kullum shaida ce ta cewa ya biya kuɗin kasa kaya na wannan rana, ba shaidar mallaka ba ce. Mutum zai iya tara tikitin shekara goma a leda, ranar da aka ce a buɗe magudanar ruwa kafin damina babu wanda zai duba ledar. Wannan saɓani ne na gaske a tsarin, hannu ɗaya na karɓar kuɗi, ɗayan na rushewa, kuma talaka ne ke kwana a ciki. Ya kamata ƙaramar hukuma ta daina yanka tikiti a inda ta san an hana kasa kaya, ko ta zauna da jiha a ware wuri. Kafin a kai can, kada kowa ya zuba siminti ko ya girke kwantena a kan kwalbati ko ƙarƙashin babbar wayar wuta saboda wani ya ba shi takarda. Tebur mai ɗaukuwa da rumfar da za a kwance cikin awa guda, iyakar jarin da ya dace da irin wurin ke nan.

In mai karɓa ya zo, a nemi katin aikinsa da takardar neman biya mai ɗauke da sunan harajin, shekarar, adadin kuɗi da dokar da aka dogara da ita. A biya ta banki ko ta hanyar da hukumar ta sanar, a asusun hukuma. In lambar asusun ta fito da sunan mutum, a dakata. Ragin da ake yi a bakin ƙofa, «kawo rabi ba rasit», shi ne biya biyu, domin sunanka na nan cikin masu bashi. Rasit ɗin inji kuma yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin shago, a ɗauki hotonsa a waya ranar da aka karɓa.

Na Layin Ƙasa:

Na gode ƙwarai. To in an bi duk wannan amma aka sa wa shago kwaɗo, ina za a dosa?

Lauyan Unguwa:

Kada a fasa kwaɗon, fasawar za ta zama laifi na daban. A ɗauki hoton ƙofar da takardar da aka liƙa, a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun ma'aji, a haɗa kwafin rasit, a sa su buga hatimin karɓa a kwafinka da kwanan wata. In na jiha ne, KIRS za a rubuta wa. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, sannan kotu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, takardar ƙungiyar 'yan layi mai sa hannun shaguna talatin ta fi ta mutum ɗaya saurin samun amsa. Kuma tunda Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da hujjar neman abu biyu a zaman kasafin kuɗi: a liƙa jadawalin kuɗaɗen shekara a sakatariya da bakin kowace kasuwa, a kuma haɗe kuɗin shago da na allo da na shara a takarda ɗaya da za ta fito a watan Janairu.