Kalmar "free" a Japananci: wacce za a ɗauka?

Bala Tafinta: Assalamu alaikum. Ana fassara wata manhajar waya daga Turanci zuwa Japananci, kuma "free" ta fito a wuri uku: gwajin manhajar, sararin da ya rage a ma'ajiyar waya, da jadawalin ganawa. Ba za a iya sa フリー, wato furii, a duka a huta ba?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Bala, kada a yi haka. Fara juya kalmar zuwa Hausa a ranka, domin mu ma mun raba ta: kyauta daban, 'yanci daban, wurin da ba kowa daban.

Idan ba a biyan kuɗi, 無料 ce, muryō. Gwajin kyauta 無料体験, muryō taiken. Akwai ただ, tada, amma ta hira ce, ba a sa ta a maɓalli. Sararin ma'ajiya kuwa 空き容量 ne, aki yōryō. Ka kula da き ɗin nan: in ka bar 空 ita kaɗai, za a karanta ta kara, fanko, ko sora, sararin sama. 自由, jiyū, 'yanci ce, ba ta da wuri a cikin ukun nan.

Abu Sadik: Na ukun ne ke kayar da mutane. Ƙamus zai ba ka 暇, hima, amma tana ɗauke da ma'anar zaman kashe wando. Ka tambayi maigidanka a ofis "hima desu ka", kamar ka ce masa ba shi da aikin yi ne. A jadawali a rubuta 空き時間, aki jikan. In mutum ake tambaya cikin ladabi, a ce "go-tsugō wa ikaga desu ka", wato ko lokacin ya yi maka daidai.

Furii tana nan, sai dai ta maƙale a wasu kalmomi. Furii saizu tufa ce mai girma ɗaya da za ta shiga kowa, furii daiyaru kuma lambar kira ce kyauta mai farawa da 0120. Furii sofuto a wajen yawancin Japanawa manhajar da ba a saya ce, shi ya sa mutanen GNU, masu fafutukar manhajar da kowa ke da 'yancin gyarawa da rabawa, ke rubuta 自由ソフトウェア, jiyū sofutowea, wato manhaja mai 'yanci.

Injiniya Sani: Matsalar tun daga fayil ɗin fassara take. Idan gettext, tsarin da ke haɗa rubutun manhaja da fassararsa, ake amfani da shi, msgid ɗaya, wato rubutun asali na Turanci, fassara ɗaya yake karɓa, don haka duk "free" ukun za su fito da kalma guda, sai ka ga 無料 a gefen "12 GB". A sa masu rubuta manhajar su ba kowace nata msgctxt, wato alamar wurin da kalmar ta fito, su kira ta da pgettext, umarnin da ke la'akari da wannan alamar, sannan su turo hoton fuskar wayar ga mai fassara. A kuma kashe cikawa ta atomatik daga taskar tsofaffin fassarori ga jimloli masu kalma ɗaya, don dacewar kashi 100 a nan yaudara ce.

Bala Tafinta: Na gode, Allah ya ƙara sani. To "sugar-free" fa?

Malama Hadiza: 無糖, mutō. Wadda ba haraji kuwa, ta filin jirgi, 免税 ce, menzei.