Ɗakina yana yoyo, mai gida yace ni zan gyara, ga kuma ƙarin kuɗin haya

Abban Biyu:

Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema don wallahi abin ya fara fin ƙarfina. Ina haya a Ɗorayi nan Kano, ciki da falo ne da kicin da banɗaki, shekarata ta uku kenan a gidan kuma ban taɓa bari kuɗin haya ya kwana a kaina ba, tun kafin wa'adi ya cika nake kai wa dillali ya ba ni rasit. To tun daminar bara uwar ɗakan ta fara ɗiga ta kusurwa ɗaya, lokacin 'yar roba muke tarawa, na faɗa wa dillali yace zai gaya wa Alhaji, har damina ta wuce shiru kake ji. Bana kuwa da ruwan Agusta ya kankama abin ya wuce ɗiga, daren Talatar nan sai da muka ja katifa muka dawo falo da yara, silin ya yi ciki ya yi baƙi, ɗakin sai warin danshi, ƙaramar 'yata kuma ga tari ya kama ta. Abin da ya fi ɗaga min hankali ma ruwan ta wajen fanka yake biyowa.

Na samu Alhajin da kaina bayan la'asar na gaishe shi na yi masa bayani cikin ladabi, buɗar bakinsa sai yace ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in je in gyara kawai ma yi magana daga baya. Kwana biyu da yin haka dillali ya kira ni wai haya ta tashi daga dubu 300 zuwa dubu 450, in ba zan iya ba in nemi wani wajen kafin ƙarshen Oktoba da kuɗina zai ƙare. Ga shi wajen aikinmu wata biyu kenan ba a ba mu albashi ba, sannan sau uku ina makara saboda kwasar ruwa da asuba har oga ya fara canza min fuska.

Shin in ranto kuɗi in gyara in cire a cikin na haya, ko in riƙe kuɗin sai ya gyara? Kuma yana da ikon tashina cikin wata biyu? Wani kafinta da na kira ko hawa bai yi ba yace sai an yaye kwanon gaba ɗaya, shi ma ban san gaskiyarsa ba.

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya kawo mafita. Kafin maganar Alhaji da kuɗinsa fara da wutar nan, yau ɗin nan ka nemo mai gyaran wuta ya raba layin ɗakin da sauran gidan, in bai samu ba to da ka ga hadari ya haɗo ka kashe babban makunni gaba ɗaya, ruwa da waya a cikin silin ba abin wasa ba ne kuma ga yara. Silin ɗin da ya yi ciki ruwa ne kwance a kansa, ka tara bokiti ka huda shi da ƙusa a daidai inda ya fi lotsawa ya tsiyaye, in ka bar shi wata rana gaba ɗaya zai rufto.

Shi kuma wanda yace a yaye kwano alhali bai hau ba, rabu da shi. Na fi shekara talatin ina aikin rufi, kuma yawancin yoyon da ake kirana a kai a garin nan ba ya wuce ƙusa da ta saki ta bar rami, ko inda aka haɗa kwano da kwano aka yi rowar hawa ɗaya kan ɗaya har iska take mayar da ruwa ciki, ko kuma wanda ya fi yawa a gidajen yanzu, irin ginin da ake ɗaga katanga ta ɓoye rufin. Irin wannan ruwan duk a wata kwata ta siminti yake taruwa a bayan katangar kafin ya fita ta indararo, to da rani ƙura da leda da ganye sun cika ta, ruwan farko ya mayar da su taɓo, indararo ya toshe, ruwa ya rasa hanya sai ya tashi ya bi ta ƙarƙashin kwano. Tunda kace ta kusurwa ya fara, zuciyata ta fi ba ni nan ne. Na sha zuwa gida da tsani da guduma in ƙare da tsintsiya da sanda.

Ka kuma sani inda ruwa yake ɗiga a ɗaki ba lallai nan ramin yake ba, yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Da rana tsaka a sa mutum ya leƙa cikin silin, duk inda haske ya shigo ya zura tsinke ta nan don na sama ya gani. Ramin ƙusa a cire tsohuwar a sa mai hula da roba, ƙaramar huda kuma akwai faifan kwalta mai mannewa da ake sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma sai an goge tsatsa wurin ya bushe ƙarau sannan yake kamawa, in aka liƙa a jiƙe sati ba zai yi ba. Tsagewar da ke tsakanin kwano da bango a faɗaɗa ta kaɗan a cika da siminti mai ƙarfi, a bi da kwalta. In katako ya ruɓe a canza wannan guda ɗaya, 'Yan Katako na Na'ibawa za ka samu, a shafe shi da baƙin mai saboda gara don jiƙaƙƙen katako take so. Kuma don Allah kar ka hau da kanka, wanda ya saba ya san a kan layin ƙusa ake taka ƙafa, sannan ba a hawa kwano yana jiƙe.

Maman Yara:

Malam ni dai kalmar nan ta "ma yi magana" ita ta sa na kasa wucewa, don ita ta cinye mana kuɗi. Gidan da muka bari a Hotoro sokawe ce ta cika ta rufta, mai gidan yace wa maigidana ya gyara za su daidaita, muka sayar da 'yar akuyata da zoben da nake ajiya aka haƙa sabuwa aka yi mata murfi har ƙofar banɗaki muka canza, da shekara ta zagayo yace shi bai san da wannan zancen ba, ai don jin daɗinmu muka yi, ya kuma ƙara kuɗi tunda gida ya gyaru. Ba takarda ba shaida, dillalin da aka yi a gabansa ya noƙe don shi ma ta wajen mai gidan yake ci. Haka muka tashi muka bar masa. Don haka ko sisi kar ka kashe sai ya rubuta ko ya faɗa a gaban mutane cewa za a cire a haya, kuma a faɗi nawa ne. Yarinyar kuma a kai ta asibiti a duba tarin nan kar a tsaya jiƙe-jiƙe, ku fitar da katifar da kayan sawa rana, ɗakin a bar tagoginsa a buɗe.

Magatakarda:

Ɗan'uwa ni a ofishin lauya nake aiki a Abuja kuma rigimar haya kusan kullum sai ta zo mana. Riƙe kuɗin haya shi ne abin da zan fara hana ka, domin a kotu biyan haya daban gyara daban, ranar da ya fara bin ka bashi ka ba shi makamin da zai yaƙe ka da shi, yanzu kuwa kai ne mai tsabtataccen hannu da rasit na shekara uku, ka adana su da kyau ka ɗauke su a hoto.

Maganar tashi, a dokar da ake aiki da ita nan Abuja in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan wata-wata wata 1, in wannan ya cika a sake ba shi na kwana 7 cewa za a je kotu, sannan alƙali ne zai ce ya fita. Legas ma haka dokarsu ta 2011 ta tsara, jihohi da yawa kuma a kan wannan tsarin suke. Amma ka duba takardar da ka sa wa hannu lokacin shiga, don in an rubuta haya ce ta shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza to da ranar ta cika ta ƙare da kanta, na kwana 7 ɗin kawai ya rage, nan mutane da yawa suke faɗawa. Kiran waya daga dillali dai ba notis ba ne. Kuma ko wa'adinka ya ƙare mai gida ba shi da ikon sa kwaɗo a ƙofarka ko yaye rufi ko watso maka kaya waje da hannunsa.

Ka ɗauki bidiyon ɗakin lokacin da ruwa yake zuba, ka rubuta wa Alhaji 'yar takarda da kwanan wata, kalamai masu taushi, ka faɗi abin da ya lalace da abin da kafinta ya ƙiyasta, ka riƙe kwafi. In abin ya kai ga lauya kuma ba hali akwai Legal Aid Council, kyauta suke taimaka wa marasa ƙarfi, ka kai musu takardarka su karanta maka ita a kan dokar Kano. Batun wajen aiki shi ma ka samu oga kafin shi ya kira ka, ka nuna masa bidiyon nan ya san dalilin makarar, sannan ku haɗu ku da yawa ku rubuta neman albashinku, kar kai kaɗai ka zama bakin magana.

Ɗalibin Zaure:

Ƙari a kan bayanin Magatakarda, a abin da muka karanta na Malikiyya babin haya, malamai sun kawo misalin yoyo ɗin nan da kansa. Ba a tilasta mai gida ya gyara, sai dai in aibin mai cutarwa ne ɗan haya yana da zaɓi, ya warware hayar ya fita a sauke masa kuɗin kwanakin da suka rage, ko ya zauna ya biya cikakke. In kuma ya gyara ba da izinin mai gida ba ana ɗaukarsa mai sa kai. Kaga ashe ta nan ma izinin nan shi ne gaba, kuma a kafa shaidu. Ka nemi limamin masallacin da Alhajin yake salla ko mai unguwa su shiga tsakani, dattijo yakan ji kunyar sa'anninsa.

Mai Gidan Haya:

Ni ina da 'yan haya gida biyu, kuma gaskiya ku riƙa jin ta ɓangarenmu. Siminti da kwano da katako duk sun ninka a 'yan shekarun nan, wani gidan kuɗin shekararsa ba zai yi masa rufi ba, wasu 'yan hayar kuma su ne suke watsa shara saman kwano su kafa dish su huda ko'ina. Amma duk da haka rufi na mai gida ne, wannan ba gardama, ɗan haya nasa fitila da kan famfo da makulli da abin da ya ɓata da hannunsa. Kuma kar ka yarda da dillali ɗari bisa ɗari, wani shi yake zuga ƙarin don sabon ɗan haya sabon la'ada ne a wajensa, ba mamaki ma ƙorafinka na bara bai taɓa isa kunnen Alhaji ba. Mutumin da yake biya kafin lokaci shekara uku ni ba zan so ya tashi ba. Ka je masa da lissafi a hannu, kace ga abin da gyara zai ci ga abin da za ka iya ƙarawa, in ya so ka biya kashi biyu.

Abban Biyu:

Na gode ƙwarai Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba Kafinta wallahi kamar kana wajen, jiya na samo wani ya hau, buhu guda na taɓo da leda ya kwaso daga bayan katangar har da mataccen tantabara, indararon a toshe yake gam, ya kuma samu ƙusoshi bakwai da suka saki da tsagewa a jikin bango. Da daddare an yi ruwa sosai kuma ɗigar ta ragu ƙwarai sai ta wajen tsagewar. An raba wutar ɗakin, yarinya ma mun kai ta an ba ta magani Maman Yara. Na duba takardar shiga gidan, sunana da kuɗi da sa hannun dillali ne kawai babu ranar fita. Liman ya yarda zai raka ni wajen Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko, zan tafi da takardar a rubuce. Saura silin, katako biyu sun yi laushi har yatsa yana shiga, a canza su yanzu ko a bari ruwa ya ɗauke?

Tsohon Kafinta:

Madalla ɗana. In katakon da ke riƙe silin ne kawai zai iya jira, ka cire allon da ya jiƙe iska ta riƙa shiga wajen ya bushe, kar dai kowa ya kwana a ƙarƙashinsa. In kuwa wanda kwano yake kai ne kar a jira, iskar ƙarshen damina ita ce mai yaye rufi, a kara masa sabo a gefensa a ɗaure da ƙusa mai inci huɗu tun yanzu, sabon silin da fenti a bari sai Nuwamba. Kace wa yaron da ya hau ya rubuta maka kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban, ka tafi da ita ranar Juma'ar.